Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini Kan Falsafa da Sanin Ya Kamata

Na daɗe ina koyar da filo, wato falsafa, a ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram, kuma tun kafin in san ƙofar lakkol na yi zaman zaure gaban mahaifina da malamansa. Shi ya sa tambaya take zo mini ta gefe biyu. Ɗalibai suna yi don jarrabawar bak, abokan fada suna yi don su ƙure ni, dattawan unguwa kuwa damuwarsu ɗaya ce: wai abin nan da kake koya wa yara ba ya taɓa musu imani? Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nakan ce.

Mushe, mene ne falsafa? A faɗa yadda wanda bai yi lakkol ba zai gane.

Kalmar ta Girkawa ce, ma'anarta son hikima. Larabawa suka ara, mu muka karɓa a hannunsu. Amma fassarar kalma ba ta ƙosar da kowa, don haka mu je bakin pampo.

Garin nan a kan dutse yake zaune, ruwanmu daga nesa ake jawo shi, daga su Gogo da Arunguza. In bazara ta matsa, layin bido yakan kwana yana jiran pampo ya yi tari. Wani dare wajen ƙarfe uku ruwa ya zo a unguwarmu. Bido sun fi arba'in, kowa ya ɗaura wa nasa tsumma don shaida. Sai ga wata mata da goyo, ba ta cikin layi, ta ce yaron zawo yake tun magariba, a bari ta cika ɗaya. Wani mai garuwa ya ce atafau, shi tun la'asar ya ajiye nasa, in aka buɗe wannan ƙofa gobe kowa zai zo da marar lafiyarsa, layi ya mutu. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, kai sayarwa za ka yi, ita rai za ta ceta. Bido ɗaya me zai rage ka da shi?" Na uku bai yi zancen layi ba, bai yi na rai ba. Cewa ya yi, "Haba jama'a, mu wane irin mutane ne?"

Su ukun nan sun tsaya ne a kan manyan hanyoyi uku da masana suka yi ɗaruruwan shekaru suna jayayya a kansu. Mai garuwa yana kare ƙa'ida, wadda dole ta hau kan kowa. Babban malamin wannan hanya shi ne Kant, Bajamushe, wanda ya rasu a 1804. Tsohuwa tana auna sakamako, wa zai amfana, wa zai cutu, kamar yadda Bentam da Mil na Ingila suka koyar. Na ukun yana maganar hali, irin mutumin da aikinka yake mayar da kai, kuma nan ne Aristo ya kafa nasa ginin tun ƙarni na huɗu kafin Miladiyya.

Hayaniya kaɗai ba falsafa ba ce. Tana farawa ne sa'ad da aka tambayi kowannensu: dalilin nan naka, zai tsaya in kai ne a wancan gefen? Mai garuwa, in ɗanka ne a bayan matar? Iya, in gobe mutum goma suka zo da goyon ƙarya? An dai bar matar ta ɗiba, mai garuwa yana ta ƙunƙuni, kuma ban ce ba shi da hujja ba.

Falsafa tana da wasu rassan, kamar binciken yadda ake sanin abu da tambayar mene ne samuwa. Amma yawancin abin da ake tambayata a kan ya kamata da bai kamata ba ne.

Malam, mun ji an ce falsafa kafirci ce. Gaskiya ne?

Wannan magana tana da asali, ba zan ce shaci-faɗi ba ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta littafi yana rushe maganganun su Farabi da Ibn Sina. Ya ɗauki mas'aloli ashirin, ya kafirta su a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa filla-filla ba, da cewa ba za a tashi jikkuna ranar ƙiyama ba. Sai dai a lura da yadda ya yi. Sai da ya zauna ya karanci karatunsu har ya ƙware, sannan ya yaƙe su da makaminsu, wato hujjar hankali. Shi ɗin ne kuma ya ce wanda bai san manɗiƙi ba, wato ilimin tsara hujja da auna ta, ba a dogara da iliminsa. Bayan rasuwarsa Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba, ɗan mazhabarmu ta Malikiyya, ya mai da masa martani mas'ala bayan mas'ala. Ibn Rushd ɗin nan, da ya rasu a 1198, shi ne mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu ke buɗewa in ana neman dalilin saɓanin mazhabobi.

Gardamar ta zo har ƙasarmu. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya ratso ta Abzin ya isa Kano zamanin Muhammadu Rumfa. Shi da Suyuɗi na Masar sun yi musayar baitoci a kan manɗiƙi: Suyuɗi yana hani, Magili yana cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin kafiri ta fito, don da gaskiya ake gane mazaje, ba da mazaje ake gane gaskiya ba. Mai Ahalari ma, littafin da yaranmu ke fara koyon tsarki da salla da shi, yana da waƙa a kan manɗiƙi. A ciki ya ambaci cewa Ibn Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakken hankali wanda ya san Alƙur'ani da Sunna. Duk wanda ya karanta tauhidin Sanusi a zaure kuwa ya fara ne da rabe-raben hukuncin hankali: wajibi, mustahili, ja'izi. Wannan ai tunani ne tsagwaronsa, ko da ba a kira shi da sunan ba.

To amsata ita ce: a cikin masu falsafa akwai wanda ya faɗi abin da ya saɓa wa aƙida, akwai kuma wanda ya kare ta. Wuƙar da mahauci ke fawa da ita, da irinta ɗan ta'adda ke yanka mutum. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yaro ya haddace jumla biyu na wani Bature ya zo yana yi wa ubansa kallon jahili. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma nakan gaya wa ɗalibaina haka tun ranar farko.

In addini ya riga ya bayyana halal da haram, me kuma ake nema da dogon tunani?

Sanin hukunci daban, ɗora shi a kan abin da ke gabanka daban. Hukuncin sata a bayyane yake. Amma a Muwaɗɗa akwai labarin bayin Haɗib da suka saci raƙumar wani mutum suka yanka. Sayyidina Umar ya fara ba da umarnin a yanke musu hannu, sai ya dawo ya ce wa ubangidansu yana ganin yunwa yake barin su da ita. Maimakon haddi, ya ci shi tarar ninkin kuɗin raƙumar, dirhami 800 a madadin 400. Bai canza nassi ba. Tambaya ya yi: wane ne ainihin mai laifi a nan?

Ko a tarihinmu na kusa, lokacin da Damagaram take ƙarƙashin inuwar Barno, Shehu Laminu na Barno da Muhammadu Bello na Sakkwato sun yi ta aika wa juna wasiƙu a kan ko ya halatta a yaƙi Barno. Laminu yana cewa saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri, Bello yana kawo nasa dalilan. Dukansu malamai ne, littafinsu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, kuma rayukan mutane ne a tsakiya. Wanda ya ce tunani ba shi da aiki bayan nassi, bai taɓa zama kan buzun alƙali ba.

Mu Hausawa muna da falsafarmu, ko duk ta aro ce?

A 1973 wani Bature masanin Hausa, Kirk-Greene, ya yi lacca a kan abin da muke nufi da mutumin kirki, ya lissafo halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Bai ƙirƙiro su ba, a bakinmu ya ji. Kalma kamar mutunci ma kaɗai ta isa a yi shekara ana tattaunawa. Muna cewa an ci mutuncin wane, muna cewa wane ba shi da mutunci. A ta farko abu ne da kowane ɗan Adam yake da shi, wani ya taɓa masa. A ta biyu abu ne da mutum yake samu ko ya rasa ta halinsa. To wanne ne? Ɓarawon da aka kama a Kasuwar Dole, yana da sauran mutuncin da bai halatta a ci ba? Nawa ra'ayin, yana da shi, kuma masu tuɓe shi su yi masa dukan kawo wuƙa suna zubar da nasu ne.

Amma kada mu ruɗi kanmu da cewa karin magana ita ce falsafarmu, an gama. Paulin Hountondji na ƙasar Benin, wanda ya rasu a 2024, ya yi shekaru yana faɗa da wannan ra'ayi. Ya ce tattara hikimar kakanni a ce "ga tunanin ƙabila kaza" ba falsafa ba ne, sai an sami mutum mai suna ya ɗauki magana ya kare ta, wani ya ƙalubalance shi. Ina ganin yana da gaskiya fiye da rabi. Karin maganarmu suna karo da juna. Mun ce zafin nema ba ya kawo samu, mun kuma ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Mun ce naka sai naka, mun kuma ce ɗan'uwa rabin jiki amma shi ne ya san inda zai sare ka. Kowa yakan zaɓi wadda ta dace da buƙatarsa ta ranar. Aikin tunani shi ne a ce: a wannan hali, wacce ce ta fi gaskiya, kuma don me?

Ƙarya tana halatta in za ta kawo alheri?

Kant ya ce a'a, ko kusa. A wani ɗan rubutu da ya yi a 1797 ya kai maganar har ƙarshenta: ko mai kisan kai ne ya tsaya a ƙofarka yana tambaya ko abokinka da ya ɓuya yana ciki, ba ka da izinin yi masa ƙarya. Duk shekara in na karanta wa ɗalibai wannan sai aji ya kaure da dariya, kuma ni ma ban bi shi har can ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito an yi rangwame a wuri uku: yaƙi, sulhunta mutane, da zance tsakanin miji da mata. Ran mutum ya fi tsarkin harshenka nauyi.

Amma kafin a gama dariya a saurari dalilinsa. Ƙarya ba ta cin nasara sai don mutane sun saba gaskata juna. Maƙaryaci yana cin amanar da masu gaskiya suka tara ne. Kuma wanda ka yi wa ƙarya "don amfaninsa", ka yanke masa hukunci ba da saninsa ba, kamar ƙaramin yaro.

Na ga wannan da idona. Wani dattijo maƙwabcinmu ya kwanta, likita ya gaya wa ƴaƴansa cewa ciwon ya ci ƙarfinsa. Suka haɗa baki suka ce masa ciwon shawara ne, zai tashi. Kullum da yamma in na shiga gaishe shi yana lissafin abin da zai shuka in ruwa ya sauka. Ya rasu bai faɗi bashin da ake bin sa ba, bai faɗi wanda yake bi ba, bai raba gardamar wata gona da shi kaɗai ya san iyakarta ba. Har yau ƴaƴan ba sa ga maciji a kan gonar nan. Sun yi don tausayi, ban musa ba. Amma na tambayi babbansu daga baya, "Yaya, in kai ne a kan tabarmar, za ka so a ɓoye maka?" Ya daɗe bai ce komai ba.

Ita kuwa "ka ce ba na nan" da muke aika yara su faɗa wa mai bin bashi, ba ta cikin ukun da aka yi rangwame, kuma yaron yana koyon darasi.

In babu mai gani kuma babu mai kamawa, me zai hana mutum ya yi abin da ya ga dama?

Aflatun, wanda ƴan lise suka sani da Platon, ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe mai ɓatar da mutum daga idon jama'a. Da ya gane sirrin, sai ya shiga fada ya kashe sarki ya hau gadon. Mai ba da labarin ya ce a ba mutumin kirki irin zoben, a ba mugu, za a ga duk hanya ɗaya za su bi. Ashe kirki tsoron ido ne kawai. Mu ba mu buƙatar zobe, muna da layar zana. Nakan tambayi aji: an ba ka layar zana mai ci, yau da dare ina za ka? Amsoshin da nake ji ba na rubutawa ba ne.

Mumini zai ce Allah yana gani, kuma wannan amsa ce cikakkiya ga mai ita. Sai dai tana da bene biyu: wanda ya bari don tsoron wuta, da wanda ya bari don kunyar Mai gani. Aflatun ya bi ta wata hanya, ya ce zalunci ciwo ne a cikin ran mai yin sa, ko an gani ko ba a gani ba. Mai awo da ya lotsa gindin tiyarsa, ko ba a taɓa kama shi ba, ya zama mutumin da ba ya iya yarda da awon kowa. Salula ma wata layar zana ce: dubi abin da mutum yake rubutawa da sunan ƙarya a Facebook, wanda ba zai iya faɗa a zauren gidansu ba.

Alhaji ne ke tambaya: in na sayi hatsi da kaka na ajiye har farashi ya hau, na yi laifi? Ai kasuwa ce.

Ranka ya daɗe, ajiya kanta ba laifi ba ce. Annabi Yusuf ajiya ya yi, ta ceci Masar. In ba mai ajiyewa, hatsi zai zube da kaka ya ɓace da damina. Mai ajiya yana biyan sito, yana faɗa da ƙwari, kuma farashi yana iya karyewa ya yi asara. Ribarsa tana da dalili.

Amma mu tuna 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, yunwa ta fi tsanani a jihohin Maraɗi da Damagaram, alhali a kasuwanni akwai hatsi. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Amartya Sen, masanin Indiya da ya sami kyautar Nobel a 1998, ya nuna irin haka a yunwar Bengal ta 1943: mutane suna iya mutuwa kusa da abinci, in hanyar da suke samun sa ta toshe. Manomin da ya sayar da tiya da arha a kaka don ya biya bashi, shi ne yake dawowa ya saye ta da tsada a tsakiyar damina, wani lokaci a hannun wanda ya sayar wa. Hadisi ya ce mai ɓoye abinci mai laifi ne, kuma malamai sun fassara shi da wanda ya riƙe a lokacin da riƙewar ke cutar da jama'a.

To iyakar ba a sito take ba, a ranar buɗe shi take. In ribarka tana zuwa ne daga hidimar da ka yi, ta ɗauko hatsi daga watan yalwa zuwa watan rashi, halaliyarka ce. In kuwa kana jiran sai yunwa ta ƙara cizo don tiya ta ƙara dala goma, to da wahalar mutane kake ciniki. Kai kaɗai ka san wanne kake jira. Bankunan cimaka na ƙauyuka ma ajiya suke yi. Bambancin shi ne masu hatsin su ne masu mabuɗin.

Laifi ne in fifita ɗan'uwana? Ai naka sai naka.

Da aljihunka, fifita shi, har ma wajibi ne. Wanda ya bar uwarsa da yunwa ya je yana rabon sadaka a Zongo, ba wanda zai kira shi adali. Masu cewa kowane mutum daidai yake da kowane a ma'auni, nan ne hanyarsu take yin tuntuɓe.

Amma kujerar buro ba aljihunka ba ce. Gurbin aiki, sakamakon jarrabawa, layin asibiti, buhun taimako, duk amana ce aka ba ka riƙo. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta ce a tsayar da adalci ko a kan kai ne, ko iyaye da dangi. Na san nauyin abin: gwaggo za ta zo har gida ta zauna ta ce, "Ɗan nan, don wannan rana muka yi maka addu'a." Ba ta ganin kanta a matsayin mai neman zalunci. Yaron da za a cire sunansa don a sa na ɗanta, ba ta san fuskarsa ba, shi ya sa abin yake da sauƙi. Shi ma yana da gwaggo, ba ta dai da kowa a buro ne.

In komai ƙaddara ce, don me za a zargi mutum?

Malaman kalam, wato masu binciken aƙida, sun sha wannan gardama: Jabariyya suka ce mutum kamar gashin tsuntsu ne a iska, Mu'utazila suka ce shi ke halittar aikinsa, Ash'ariyya suka tsaya a tsakiya da cewa Allah ke halitta, bawa ke tsiwurwuta. Ban isa in warware abin da ya gagare su a sakin layi ɗaya ba. Amma a aikace an daɗe da ba da amsa. Da Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, Abu Ubaida ya ce gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Ɗan kabu-kabun da ya san birkinsa ya mutu tun mako guda, ya kwashe yarinya a hanyar makaranta, ya ce tsautsayi ne, a gwada shi da abu ɗaya: in wani ya sace babur ɗin ya ce masa ƙaddara ce, zai haƙura ya koma gida? Ƙaddara maganar ta'aziyya ce ga wanda abu ya sama. In ta fito daga bakin wanda ya jawo abin, ta zama mafaka.

Ai kowa da gaskiyarsa, kowace al'umma da al'adarta. Wa ya isa ya ce wannan daidai ne, wancan kuskure?

Wannan ita ce maganar da ɗalibai suka fi so, don tana rufe gardama ba tare da gumi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju, sojan Faransa, a garin nan zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, a 1899 Faransawa suka ci garin. Su suka sa wa barikinsu sunan kyaftin ɗin, mu muka sa wa lise sunan sarkin. Abu ɗaya ya faru, hukunci biyu. Ya kamata wannan ya koya mana jinkiri kafin yanke wa wasu hukunci.

Amma a gwada maganar a kan bauta. Arzikin Damagaram na ƙarni na 19, zamanin da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa, ayarin da ke zuwa Tarabulus yana ciki, kuma cikin kayan ayarin har da mutane. Al'ada ce a lokacin, kasuwa ta yarda, fada ta yarda. Wanda aka ɗaura wa igiya a wuya fa, an tambaye shi tasa gaskiyar? Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta cewa baƙar fata ba dalilin bautar da mutum ba ce, ke nan ko a da ba kowa ya yi shiru ba. Nijar ta mai da bauta laifi a doka a 2003. A 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ba Hadijatu Mani gaskiya, matar da aka sayar tana da shekara 12, ta kuma umarci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa don ba ta kare ta ba. In kowa da gaskiyarsa ne, sai mu ce ba ci gaba aka yi ba, ɗanɗano ne kawai ya canza, kamar an bar tuwon dawa an koma na masara. Ban taɓa samun wanda ya yarda da haka ba in aka ce ƴarsa ce za a kai kasuwa.

Galibi mai cewa "al'adarmu ce" shi ne wanda al'adar take yi wa daɗi. A nemi wanda take dannewa a ji ta bakinsa.

Wanda ba a haifa ba yana da haƙƙi a kanmu?

Tambaya ce mai wuya, don ba ya nan balle ya kai ƙara. Amma manoman Miriya, Matamaye da Magariya sun amsa ta da gatari. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka koma sassaben zamani: in ana sharar gona ba a tumɓuke tohon itace, sai a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi a bar shi ya tashi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar nan, itatuwa wajen miliyan 200. Gawo ya fi yawa a wajenmu, shi da yake zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani ya ba dabba abinci. Tsohon da ya bar tohon gawo yana da shekara saba'in ya san ba shi zai ga girmansa ba. Ba duka don jikoki aka yi ba, gaskiya. Abin ya kankama ne da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Kirki yakan yi saurin tsiro in an gyara masa ƙasa.

Ba rashin kunya ba ne yaro ya tambayi babba dalili?

Ya danganta da bakin da aka yi tambayar. Sokrat, malamin Aflatun, ya yi ta bin manyan birnin Atina na Girka yana tambayarsu mene ne adalci, mene ne jarunta, har ya bayyana ba su sani ba. A shekara ta 399 kafin Miladiyya suka yanke masa hukuncin shan guba, bisa zargin ɓata matasa da ƙin allolin gari. Ina girmama shi, amma a gaban jama'a yake tsiraita dattawa, kuma ban ce ɗalibina ya kwaikwayi wannan ba.

An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sau da yawa haka ne. To babban da ya hango, me zai rage shi in ya faɗi abin da ya gani? A zaure ma almajiri yana cewa, "Allah gafarta Malam, ban gane wurin nan ba," malamin kirki kuma ya ji daɗi. Ka rusuna, ka sassauta murya, ka zaɓi lokacin da ba baƙi, amma ka yi tambayar.

Ina so in fara. Wane littafi zan nema?

Kada ka fara da littafi. A fadarku, tsakanin shayi na farko da na uku, ɗauki gardama ɗaya cikin waɗanda kuka saba, ku sa doka guda: ba wanda zai mai da martani sai ya maimaita hujjar abokin gardamarsa, har shi abokin ya ce e, haka nake nufi. Mun gwada a tamu a kan maganar sadaki da kayan ɗaki. Dare na farko ba wanda ya tsallake dokar, har mai dafa shayin ya gaji ya kashe gawayi. Ɗan bak kuwa, haka ake so ya yi a takardarsa: ya kawo hujjar da ba ya so da cikakken ƙarfinta kafin ya taɓa ta. Littafi sai ya biyo baya, kuma in kana da Ahalari a gida, ka riga ka san sunan marubuci ɗaya da za ka tambaya a wajen masu sayar da littattafai na bakin masallacin Juma'a.